Bijimin da ya dace da Florica

Mama,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙafar taki? Yaya Baba da ƙanwata Ilinca? Ni lafiya lau nake a nan Italiya. Hannuwana sun ɗan tsage saboda ruwan sanyi, amma kada ki damu, suna iya buɗe littafi.

Roƙo nake, Mama. Ilinca ta ce Baba zai kai karsanarmu Florica barbara wurin bijimin Kawu Toader. Don Allah a dakata.

Makon jiya Ottavia, tsohuwar da nake yi wa kiwo, ta tafi da ni zaɓen bijimi. Na nuna wani ƙato mai faɗin ƙirji, na ce a hankali, "Wannan ya yi kyau."

Ta yi ta dariya. "Ke 'yar littafin soyayya, miji kike zaɓar wa kanki? Karsana mai haihuwar fari, bijimi mai ƙaramin kai da siririyar kafaɗa ake ba ta. In ɗan ya gaji wannan ƙirjin, ta ina zai fito?"

Kunya kamar in nutse. Amma na gani da idona a garken maƙwabta, inda aka ba wata karsana ƙaton bijimi: da igiya aka jawo maraƙin, bai zo da rai ba. Bijimin Kawu Toader ya fi wanda na nuna girma, Florica kuma ita kaɗai gare mu.

Ba zan iya yi wa Baba wannan maganar ba. Ke ki faɗa masa, bayan ya ci abinci. Ƙaramin jan bijimin nan na bayan coci, wanda kowa ke yi wa dariya, shi ya dace. Ina so in dawo baɗi in tarar da Florica da ɗanta, dukansu a tsaye.

Allah ya bar mana ke.

'Yarki,
Sânziana