Saiwar Gamba

Zuwa ga ƙanwata Zainaba a Kano. Malam Suma'ila ne yake rubutawa, ni Kulu ina faɗa, na kuwa ce kada ya gyara mini magana.

Ina gaishe ki ƙwarai. Ya ƙafar nan taki, ya maigida da yara? Mu nan Gaffati da sauƙi.

Kin tuna gambar da marigayi mijina, baban Ɗan Azumi, ya dasa kan iyakar gonarmu? To Illa maƙwabcinmu, wanda ƙanensa ke gardi, wato dogarin Nasara, a barikin Damagaram, ya sare ta, ya shigo da shukarsa har gindin gawo. Ban damu ba da fari. Kin san yadda muka taso: in an yi gardamar iyaka, dattawa su fito da hauya su tona. Gamba ko an sare ta saiwarta na ƙasa, inda aka ganta nan ne iyaka, a yi addu'a a watse.

Ranar Talata dattawa tara suka fito, har da Baba Kyari da ba ya gani sosai. Ashe Illa ya riga ya aika bariki wai Gaffati ta ɗauki makami za ta yi wa Nasara tawaye. Hauya fa, Zainaba! Ko taki ɗaya ba a tona ba gardawa suka zo bisa dawakai, suka ɗaure tsofaffi da igiya ɗaya kamar awaki. Ɗana Ɗan Azumi ya buɗe baki zai yi bayani, shi aka tafi da shi aikin dole wata uku.

Ki gai da kowa. Yayarki, Kulu.

Zuwa ga Zainaba. Malam Suma'ila ne dai kuma. Ina fata kuna lafiya, da ke da jikoki.

Kumandan, Nasaran da ke mulkin bariki, ya zo da kansa. Mai gari ya sa aka share gari, aka yanka rago, aka tara mu mata mu yi guɗa. Tafinta ya ce kumandan ya ji daɗi ƙasa ta kwanta, kada ya sake jin maganar gona. Na yi guɗar. Bakina har yau ɗaci yake. Ina guɗa ina hango Illa zaune kan tabarmar manya, alhali kowa ya san shekaranjiya ya tone saiwar kaf ya ƙona. Yanzu babu abin da za a tona, gonar ta tafi.

Wannan suke kira zaman lafiya. Tir.

Jiya da azahar rumbun Illa ya kama wuta. Ban san wanda ya sa ba, ban kuma tambaya ba. Ke kin san mu: wuta ko a gidan maƙiyinka ce, da tulu kake fita. Matarsa Amina, wadda ni na yi mata wankan jego, ta fito tana kiran sunayenmu ɗaya bayan ɗaya. Ta kira nawa sau biyu. Tuluna cike yake a bakin ƙofa. Ina zaune ina tsince wake, ban tashi ba. Ba wanda ya tashi.

Malam, ajiye alƙalamin. Na gaji. Sa sunana kawai.

Kulu.