Ƙorafi Kan Kama Motar Hillar Garba

Zuwa ga: Mai girma Mu'utamad, shugaban Mahalliya (ƙaramar hukuma)
Daga: Abdussalami Hamid, sakataren lajnar (kwamitin) Hillar Garba
Rana: Lahadi, 8 ga Nuwamba, 2009
Game da: Kama motar garinmu, da halin da Hajiya Barakatu ke ciki

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da girmamawa, dattawan Hillar Garba sun umarce ni in gabatar da kukansu kamar haka:

1. Lokacin da kakanninmu suka sauka a bakin wannan kogi, gidajen ba su taka kara sun karya ba. Yau garin ya yi unguwa huɗu. Rusum, wato kuɗaɗen harajin da Mahalliya ke karɓa, su ma sun girma tare da mu: na kasuwa, na ruwa, na shara, na kowane buhun albasa da ya fita. Muna biya ba gardama. Amma motar haya ko ɗaya ba ta shigowa garinmu, motar shara kuwa ko launinta ba mu sani ba.

2. Da muka gaji da jira, a shekarar 2004 muka haɗa hannu muka sayi tsohuwar bas. Hanyar da take bi zuwa bakin kwalta ma da gayya muka cike ta. Tsarinmu shi ne, idan kaka ta yi kowane gida ya auno kela ɗaya ta dawa, wato babban mudu, a sayar, a sayi mai da taya, a sallami direba Malam Sodangi. Ba kwandasta, ba a karɓar ko sisi a cikin mota. Mai jego, ɗan makaranta, maras lafiya, kowa shiga yake ya zauna.

3. Ranar Talata, 3 ga wannan wata, wani jami'in rusum ya tare motar a hanyar dawowa daga birnin Wad Madani. Malam Sodangi ya yi masa bayani cewa ba ta haya ba ce, bai saurara ba. Sai ya leƙa ya tambayi fasinjoji ko sun biya. Hajiya Barakatu, gwaggona, tana kujerar gaba, fitowarta ke nan daga wankin ƙoda. Wanda ya san ta ya san ba a yi mata kallon mai cin arzikin wani. Ta ɗago kai ta shaida masa cewa ta biya tun kakar bara, da dawar gonarta, kuma ita ba a taɓa ɗaukar ta sadaka ba. Ranka ya daɗe, gaskiya ta faɗa! A wurinmu abin kunya ne babba a ce gidanka bai auno ba. Shi kuwa jami'in sai ya rubuta cewa fasinja ta amsa da bakinta mota tana haya ba lasisi. Ya sauke tsofaffi da mata a tsakar rana, ya sa aka ja motar zuwa harabar ofishinku, inda take har yanzu.

4. Mun je ranar Laraba, aka ce mai sa hannu ya fita. Ranar Alhamis aka ce sai mun biya tara, mun kuma yanki lasisin motar kasuwa. Haba! Wace kasuwa? Mu muka sayi mota, mu muka cike hanya, mu ke zuba mai, sannan a ci mu tara don mun yi wa kanmu abin da muka biya Mahalliya ta yi mana ba ta yi ba? Wallahi ranmu ya ɓaci, kuma ba zan ɓoye wa Mai girma ba.

5. Hajiya Barakatu ana yi mata wankin ƙoda Talata da Asabar. Jiya Asabar muka ɗora ta a keken jaki zuwa bakin kwalta, muka yi ta tsayar da motoci, duk a cike. Kafin mu isa asibiti layinta ya wuce, an ɗora wani a na'ura, kuma ba mu ga laifinsu ba. Haka muka juyo da ita. Yau ƙafafunta sun kumbura, takalmi ba ya shiga, numfashi sai a zaune. Abin da ya fi ci mini rai, kuka take tana neman gafarar mutanen gari, wai bakinta ne ya jawo musu. Tsohuwar da ba ta taɓa cin haƙƙin kowa ba!

Saboda haka muna roƙon Mai girma, cikin ladabi, ya ba da umarni a sakar mana motarmu kafin asubahin Talata, 10 ga wata, a soke tarar, a kuma rubuta ta a matsayin motar taimakon al'umma. Muna roƙon ya turo wanda ya yarda da shi ya ga rumbun da muke tara dawar.

Idan Talata ta yi motar ba ta fito ba, mazan gari sun yi alkawari za su ɗauko Hajiya a kan angarib, gadon igiya, su kai ta bakin kwalta a kafaɗa. Mai girma ya san a ƙasar nan gadon da ake ɗaukar maras lafiya da shi, da shi ake kai mutum makabarta. Muna roƙonka don Allah, kada a sa mu ɗauke ta sau biyu.

Allah ya ƙara wa Mai girma lafiya da adalci.

Naka mai biyayya,
Abdussalami Hamid
A madadin lajna da dattawan Hillar Garba