Abin da Ke Rubuce a Bayan Kekenka

Kumbotso,
9 ga Mayu, 1983.

Zuwa ga Yaya Tijjani, sanyin idona, ruwan farkon damina a kan busasshiyar ƙasata, inuwar tsamiyar da nake gudu in fake a ƙarƙashinta idan rana ta take,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da aikin masaƙa. Ni ba zan ce lafiya lau nake ba, don ban saba yi maka ƙarya ba. Ka yafe mini karkacewar rubutu.

Ka tuna ranar da muka fara magana? An busa jiniyar ƙarfe biyu, ma'aikata suna fitowa daga ƙofar masaƙarku ta Challawa, kowa da burbushin auduga a gashinsa, ni kuma ina dawowa daga makaranta. Igiyar jakata ta tsinke, littattafaina suka watse a titi. Mutum nawa suka wuce? Kai kaɗai ka sauko daga keke, ka tsince su, ka kaɗe, ka ce, "Sannu 'yar boko, sannu nincompoop." Wayyo, wannan murya! Na kasa ɗaga kai, na isa gida ban san ta inda na bi ba. Da na tambaye ka ma'anar a wasiƙata ta biyu, ka ce sunan wani fure ne a ƙasar Turawa wanda ba ya buɗewa sai da asuba. Daga baya ka ƙara mini flibbertigibbet, ka ce 'yar tsuntsuwa ce mai zaƙin murya. Da na rubuta maka cewa zan so ka har mutuwa, kalma ɗaya ka aiko mini, poppycock, wai haka manyan Turawa suke cewa amin.

Na yarda da kai, Yaya. Me zai hana? Na rubuta su duka uku da jan biro a bangon littafina na Turanci, na zagaye su da furanni.

Ranar Litinin waccan malamarmu 'yar Indiya ta gani. Ta aike ni laburare na ɗauko babban ƙamus, ta tsayar da ni gaban aji, mu arba'in da biyu, ta ce in karanta da ƙarfi. Na karanta. Nincompoop wawa ne, sakarai. Ba a tabbatar da asalinta ba, amma wasu sun ce daga kalmomin Latin take, waɗanda alƙalai ke faɗa a kan wanda hankalinsa bai cika ba. Flibbertigibbet mace ce mai surutun banza, an ƙirƙire ta ne don kwaikwayon ƙarar bakin da ba ya hutawa, kuma a da can har wani shaiɗani ake kira da ita. Ni da ko gaisuwa sai na tattaro ƙarfin hali! Amin ɗinka kuwa daga mutanen Holan aka aro ta, asalinta kashi ne mai laushi. Wannan ce amsar da ka ba alkawarina. Aji ya ɗauka da dariya, har masu bugun tebur.

Duk da haka na kare ka a zuciyata, na ce wataƙila kai ma ba ka sani ba. Sai da aka fita tara ƙawata Zainab ta ja ni bayan aji ta ce, "Ke Rahamatu, wai har yanzu barci kike? Yayana Muntari da suke aiki tare ya ce a kantin ɗin masaƙa, inda suke cin abinci, Tijjani hawa benci yake yi, ya maƙale murya kamar taki, ya karanta musu wasiƙunki suna cin shinkafa. Idrisu mai kula da sito ne yake zaɓo masa kalmomin."

Haba farin watana! Haba zumar da na ɓoye ban bari ko ƙuda ya gani ba! Wasiƙu goma sha ɗaya, kowace sai na rubuta ta sau uku kafin in yarda ta zo hannunka, ashe miyar shinkafa nake dafa muku? Wane wuri ya fi ba su dariya? Inda na ce ina jin ƙararrawar kekenka ko ba ka wuce ba?

Ga abin da ya hana ni cin abinci. Mutum uku daga cikin masu cin abinci a kantin nan suna ɗaukar karatu a zauren Baffa, har da Malam Shu'aibu mai gyaran inji. Ka san da ƙyar Baffa ya bari na kai aji biyar. Saura mako uku in zauna jarrabawar fita. Layi ɗaya ya shiga kunnensa, ko ƙofar makaranta ba zan sake gani ba.

Yanzu ka saurara, abin ƙaunata, don ni ma na zo maka da kyauta. Horon da malama ta ba ni shi ne in rubuto ma'ana da asalin kalmomi ashirin irin waɗannan. Ina cikin juya shafi sai na ci karo da wadda ka sa mai fenti ya rubuta maka da ruwan ɗorawa a madigadin kekenka: dogsbody. Ka ce mini muƙami ne Baturen masaƙa ya ba ka, sama da masinja, dab da akawu. Na ga yadda mutanen Ringim da na Maraɗi suke ba ka hanya a bakin ƙofa suna cewa, "Ranka ya daɗe, Dogisbodi!" kana ɗaga musu hannu.

A jiragen ruwan Turawa na da, akwai wani abinci da matuƙa suka tsana, wake ne ake cusawa a jaka a dafa har ya zama taɓo. Shi suka laƙaba wa wannan suna. Daga nan suka mayar da shi kan ƙaramin ma'aikaci, wanda ake jefa wa duk aikin da kowa ya ƙi. In ka raba kalmar biyu kuwa, ko 'yar aji ɗaya za ta fassara maka: jikin kare. Shi kake goge wa ƙura kowace safiya. Da shi kake zuwa masallacin Juma'a. Kuma wa ka ce ya rubuta wa mai fentin a takarda don kada ya yi kuskure? Idrisu. Shi da yake da ƙamus a sito, kana tsammanin bai duba ba? Da kake kan benci yana dariya, ka tabbata da ni yake?

Ban gaya wa kowa ba tukuna. Na dai rubuta bayanin da Hausa, na kuma sake shi da ajami saboda waɗanda ba su yi boko ba, na liƙe a ambulan. Ka ɗaure wasiƙuna goma sha ɗaya, ba goma ba, ka ba Muntari ya kawo wa Zainab kafin sallar Juma'a. In sun zo, zan sa ambulan ɗin a murhu da hannuna. In ba su zo ba, ranar Asabar da safe yana hannun mai shayin bakin ƙofarku, kuma ka san bakinsa. Sunan zai bi ka Sharaɗa, ya bi ka Bompai, duk masaƙar da ka koma, har 'ya'yanka su gada.

Kada ka ce na daina sonka. Da na daina, da na huta! Har yanzu in na ji jiniyar ƙarfe biyu sai ƙafata ta rage sauri da kanta. Ban taɓa duban wani ba, ba kuma zan duba ba. Wannan wasiƙar ita kaɗai na bar maka, ba na son ta dawo. Ita ce ta goma sha biyu, kuma ta fi sauran tsawo. Ka hau benci gobe, ka gyara murya, ka karanta musu ita har ƙarshe.

Taka, mai riƙe da amanarka har ranar da ƙasa za ta rufe idona,
Rahamatu