Lambar Taksin Baba

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina sanyin ƙasar mutane? Yaya maigidan da yara? Mu nan Yamai lafiya lau.

Ƴar motar robar da kika aiko ta iso. Kwana uku ina haɗa ta, ba ƙusa ba gam, kowane gutsure sai ya ce ƙas ya zauna. Na sayo fenti a kasuwar Katako, na yi mata farin jiki da jan kai, na rubuta lambar taksin marigayi Baba a ƙofa. Da na gama sai da na yi kuka.

Jiya na dawo daga Babbar Kasuwa na tarar maigidana ya goge lambar, ya rubuta ta tasa taksin! Har da murmushi: "Amarya, na gyara miki kuskure." A littattafan da nake karantawa miji hawayen matarsa yake gogewa, nawa kuwa lambar ubana ya goge. Na ce, "Sannu direba, Yamai kaf motarka ce kaɗai?" Da ya gane ta Baba ce, ya miƙo mini fentin da kansa.

To Yaya, na ɗauki buroshi, sai na kasa tuna ko huɗu ce a ƙarshe ko bakwai. Don Allah ki duba tsohon hoton nan na motar Baba da ke wurinki ki gaya mini. Ƙofar tana nan fara, ba zan rubuta wa Baba ƙarya ba.

Ki sa Baba a addu'a, ni ma ki roƙa mini haƙuri. Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Rakiya