Farantin Zalfa

Talata, 3 ga Disamba

Jajiberin idin waliyyiya Barbara. Matata Zalfa ta fito da farantanta huɗu da audugarta, kamar kowace shekara cikin arba'in da ɗaya da muka yi tare. Faranti ɗaya na ɗanmu Sarkis da ke Ostireliya, wanda ke tuna mu sau biyu a shekara. Ɗaya na 'yarmu Nuhad da ke Beirut. Ɗaya nawa. Mai ɓallin baki nata ne, kullum shi ne na ƙarshe. A shimfiɗa auduga, a watsa alkama, a yayyafa ruwa, kafin Kirsimeti ta yi kore a jera ta a bakin kogon takarda na haihuwar Almasihu. Kowa a ƙauyen nan yana yi don ado. Zalfa kaɗai ta mai da shi duba, tun shekarar da farantin ƙanenta Ilyas ya ruɓe, aka binne Ilyas kafin azumi.

Bana ba ta da lafiya, ni ta sa na watsa. Shekara talatin ina koya wa 'ya'yan mutane tarihi, ga inda na ƙare: manomin faranti.

"Malam, a hankali, ba kaji kake ba wa ba," in ji ta daga kan kujera.

Laraba, 4 ga Disamba

Ta dafa alkamar idi da sukari da rumman. Cokali biyu ta ci. An sa ranar tiyatarta, ashirin ga wata. Likita ya ce ƙarin da ke cikinta zai ciru idan ba a yi jinkiri ba.

Litinin, 9 ga Disamba

Alkamar farantai uku ta tsaga, fararen saiwoyi kamar zare. Nata shiru.

Alhamis, 12 ga Disamba

Na sauko da kwalin kogo daga saman kabad. Takardar ta yi laushi, jakin ya rasa kunne, ɗaya daga cikin makiyaya ba kai. Na harhaɗa shi a kusurwar falo, tana ba ni umarni kamar mai ginin majami'a. Na lura ba kogon take kallo ba, taga take kallo, inda farantan suke.

Nata ya fara yauƙi. Akwai wani wari kaɗan, kamar tsumman da aka manta a bokiti.

Na ce sanyi ne, gefen nan ba ya samun rana. Ta ce, "Taga ɗaya ce, Malam."

Asabar, 14 ga Disamba

Ta ba matar maƙwabcinmu keken ɗinkinta. Ba ta shawarce ni ba.

Litinin, 16 ga Disamba

Fumfuna ta rufe nata, toka-toka. Sauran ukun sun kai tsawon yatsa, nawa ya fi kowanne, abin haushi.

Da rana ta kira Nuhad ta ce kada ta zo da mota ranar Alhamis, ba za ta je asibiti ba. Ina jin kukan yarinyar daga inda nake zaune. Na karɓe wayar na kashe, na yi faɗan da na daɗe ban yi ba. Na ce ƙasar nan duka haka ta lalace, mutane na karanta makomarsu a gindin kofin gahawa, ɓarayi na kwashe musu ƙasa a gabansu. Na ce mata likita ya yi shekara goma sha biyu yana karatu, ita kuma auduga za ta bi?

Ta bari na gama. Ta ce, "In tafiya ce, gara a ɗauke ni daga gadona, kusa da kogona. Ba a kan teburin baƙi ba, ciki a buɗe."

Na tashi na fita tsakar gida. Ni da na yi shekaru ina rufe bakin yara da amsa.

Talata, 17 ga Disamba

Na gano. Ina neman shayi a kicin na ga tulun alkamar dafuwa, sai abin ya faɗo mini. Ranar da na watsa, alkamar shuka ta ƙare a faranti na uku. Na ƙi komawa kantin Butrus cikin ruwan sama, na ɗebi cikin hannu daga tulun nan. Surfaffiya ce. An cire mata rai tun a injin, ko shekara za ta yi a auduga ba za ta tsiro ba. Yaron goye ya san wannan a ƙauyen nan, ban da mai digiri.

Na je mata da tulun a hannu, har ina haki. Na ce, "Maman Sarkis, ga annabcinki. Lalacina ne, ba komai ba."

Ta leƙa tulun, ta dube ni. Na zaci za ta yi dariya, ko ta zage ni.

Ta ce, "Na ji. To wa ya sa ta ƙare daidai a kan nawa?"

Laraba, 18 ga Disamba

Ƙanƙara ta fara sauka a kan dutse. Ta ciro baƙar rigarta mai ɗinkin hannu ta rataye a bayan ƙofa, ta ce da ita za a binne ta, kada Nuhad ta sha wahalar nema.

Bayan azahar, tana barci, na yi wani abu. Audugar da ta yi saiwa ɗaguwa take gaba ɗaya kamar waina. Na ɗaga tawa na sa a farantinta mai ɓallin baki. Na kwashe ruɓaɓɓiyar da cokali na zuba a nawa. Na goge gefe, na mayar da kowanne wurinsa.

Wasan yara ne, na sani. Amma na daɗe ina wanke hannuna.

Alhamis, 19 ga Disamba

Ta tsaya a gaban taga ta daɗe. Ba wawiya ba ce, alkama ba ta yin yatsa guda a kwana ɗaya.

"Nakhle," ta ce. Rabon da ta kira sunana tun Sarkis na jariri. "Ka san abin da ka ɗauka?"

Na ce ruɓaɓɓiyar auduga na ɗauka, tsohuwa.

"Mayar."

Na ce ba zan mayar ba, in ta mayar zan sake, har Kirsimeti, ni ba aikin da nake yi.

Ta zauna. Can ta ce, "Kai da ko Fadan majami'a ba ka gaisarwa." Sai ta ce in miƙo mata jakarta, in kira Nuhad. Wai ba za ta bari in yi asara biyu ba, na ɗauki nata kuma ta zauna ta mutu.

Sun tafi da la'asar. Gwiwata ba ta hawa benen asibiti, an bar ni gadin gida. Baƙar rigar tana nan a bayan ƙofa.

Juma'a, 20 ga Disamba

Awa biyar ana tiyata. Ban ci komai ba.

Talata, 24 ga Disamba

Nuhad ta ce an cire ƙarin duka, Zalfa ta fara shan romo. Abin da ta fara tambaya da ta farka, wai Malam lafiyarsa ƙalau? Na ce a gaya mata ta kula da ɗinkinta.

Na jera farantan a bakin kogo, uku kore shar. Na huɗun na kai shi bakin shara sau biyu ina dawowa da shi. Na ajiye shi daga baya, wajen jakin, inda ba za ta gani daga ƙofa ba.

Tun shekaranjiya wani nauyi ke zama mini a ƙirji in na ɗauko itacen murhu. Shekaru ne, da sanyi. Ban yarda da farantai ba, ban taɓa yarda ba. Na dai rubuta wa Nuhad inda takardun gida suke, na sa a ƙarƙashin agogo. Na cire baƙar rigar Zalfa daga bayan ƙofa na mayar cikin kabad. Ƙugiyar ta zauna ba komai, sai na rataye kwat ɗina.