Tauren Inna Mai Ƙararrawa

Mayu

Yaya Nonabah,

Gaisuwa mai yawa. Ya aikin asibiti, ya zafin Phoenix? Ƙanƙara ta narke a kan dutsen Chuska, maƙwabta duk sun kora garkensu sama, saura mu. Inna ta ɗaure barguna da tukunya tun makon jiya, alhali gwiwoyinta ko rijiya ba sa kai ta. Na ce mata bana a haƙura, ta ce, "Kai da cibiyarka ke binne a shingen tumakin can, kai za ka koya mini haƙuri?" Ni kuwa mai garejinmu ba zai ba ni hutun wata huɗu in bi tumaki ba. Abin da ke cinta shi ne ɗakin kan dutse. Ta ce shi kaɗai ya rage mana, tunda na Kaka an fasa masa bango ta arewa an bar wa iska ran da ya cika a ciki, kamar yadda al'adarmu ta tanada. Ki faɗa mini yadda zan yi, ke ce babba.

Ƙanenki,
Harlan

Mayu

Harlan,

Na samu takardarka, ina fatan kuna lafiya. Maganar ba ta da tsawo. A sayar da tumakin, in na samu hutu a watan Yuli in zo in ɗauke ta. Shekara tamanin ba ta hawan dutse. Ka bar mata tauren nan mai ƙararrawa ya ɗebe mata kewa, dama tsohon nama ne, ba mai saye. Ka gaishe ta.

Yayarki,
Nonabah

Yuni

Yaya,

Bayan gaisuwa, an yi yadda kika ce. Na nemi izininta, tunda nata ne, ta ce, "Ku kuka yi boko." Da motar masu saye ta zo, Inna ta tsaya tana kiran kowace tunkiya da sunanta har aka rufe ƙofa. Ba ta yi kuka ba, ni na yi. Yanzu tauren nan ya hana mu sakat. Shi ke jan garke zuwa sama duk shekara, ga shi ya ji ƙanshin ciyawar dutse, sai ya tsaya bakin shinge ya kafa wa Chuska ido yana kuka. Inna ta ce masa, "Yi shiru tsoho, ni da kai duk an sallame mu." Ta daina saƙa. Barguna dai har yau ba ta kwance ba.

Harlan

Yuni

Yaya,

Na faɗa miki a waya, amma ban iya ƙarasawa ba. Na dawo aiki na tarar da shinge a buɗe. Sawun taure a gaba, nata da na sandarta a baya, sun bi tsohuwar hanyar garke. Washegari da hantsi ƙararrawar ta kai mu wurinta, ni da Kawu Wilford.

Ta isa, Yaya. Da waɗannan gwiwoyin ta isa. Ta share ɗakin tas, ta jera itace kusa da murhu, ta ninke bargunan a ciki. Sannan ta ja ƙofa, ta tafi can nesa gindin itacen da ke bayan shinge ta kwanta da mayafi ɗaya, a wannan sanyin. A nan ta cika. Kawu Wilford ya daɗe yana kallon ƙofar kafin ya ce, "Ta san abin da take yi. Da a ciki ta cika, da yau muna fasa bango."

Zuciyata ta karye. Mu muka kwashe mata garke, ita kuwa ta kwana a waje don ta bar mana ɗaki. Ban ga laifinki ba, ni na buɗe wa motar shinge.

Taure ya ƙi saukowa. Na bar masa gishiri.

Harlan

Yuli

Ƙanena,

Ina gaishe ka. Hutun da na nema don in ɗauke ta ya fito. Kada ka sauko da tauren. Ka jira ni a gindin dutse ranar Asabar, na manta hanyar.

Nonabah