A Mayar wa 504 Injinta

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Ni ne Nababa Direba na bakin tasha, Birnin Gwari. Ina wannan magana da hankalina daram, ban sha maganin da ke juya kai ba, babu kuma wanda ya tilasta ni. Idanu ne suka tafi, ƙafafu suka kumbura, shi ya sa maƙwabcina Malam Modibbo yake rubutawa ina faɗa, kuma na roƙe shi kada ya sassauta min ko kalma ɗaya. Zuwa gare ku 'ya'yana, Habibullahi da Abdulfattah da ƙanwarku Juwairiyya.

Zan fara da abin da ya hana raina kwanciya. Juwairiyya tana da tsohon ciki a gidan mijinta a Tabanni, damina ta kawo jiki, kuma gidan nan babu motar da za ta shiga ta ɗauko ta in haihuwa ta zo da gardama. Na aika mata ta dawo gida ta haihu, ta ce gidan da babu uwa, yayyenta kuma ba sa gaisawa, wurin wa za ta zo. Ban ga laifinta ba.

Na ɗaya. Gidan nan da filin bayansa a raba su yadda shari'a ta ce, ban fifita kowa ba. Gonarmu da ke ƙauyen Gwaska kada a sayar. Na san 'yan daji sun hana mu taka ta, na san ciyawa ta cinye ta, kuma na san masu zuwa da araha suna jira in rufe ido. Ku bar ta nan. Kada kuma ɗayanku ya yi gangancin zuwa dubawa sai hanya ta yi lafiya.

Na biyu, motocin. A nan zan daɗe, ku yi haƙuri da tsoho.

Fijo 504 ɗin nan doguwa, mai kujera layi uku, haɗin Kaduna, na saye ta shekarar da aka haifi Habibullahi. Ba ta da kwalliya. Sitiyarinta sai ka sa ƙarfi, in rana ta take sai ka sauke gilashi ka sha iskar Allah. Amma cikinta a sama yake, ƙafarta doguwa ce, in ta faɗa rami ta fito ba ta ko yi maka ƙorafi. Da ita na yi jigilar Tsohon Birnin Gwari da Funtuwa da Kaduna, buhunan masara a sama, mutane a ciki, akuya a baya. Da ita aka biya kuɗin makarantarku. In ta yi tari a tsakiyar daji, sifana da ɗan waya sun ishe ni, in busa kafireto in wuce. A lokacin nan dajin namu ba abin tsoro ba ne, kana iya tsayawa ka yi sallah a gindin ɗorawa, Fulani su kawo maka nono.

Ƙanwarta 505 na saye ta hannu na biyu wurin wani ma'aikaci da ya yi ritaya. Ba zan ci amanarta ba, mota ce. Ta fi faɗi, ta fi laushi, ba ta da hayaniya, sitiyarinta da yatsa biyu kake juyawa, ga sanyi a ciki. In ka hau kwalta da ita sai ka ji kamar kana zaune a falon gidanka. Mahaifiyarku Huraira, Allah ya jiƙanta, tana son ta don ba ta girgiza mata ƙugu. Ni na san aikin kowacce: 505 ta zuwa Kaduna ce da ɗaurin aure, 504 ta laka ce da rafi da marar lafiya. Ban taɓa haɗa musu aiki ba.

Ku kuka haɗa. Da idona ya mutu na ajiye tuƙi, kai Abdulfattah ka karɓi 505, ka sauya mata tayoyi ƙanana, ka sa aka yanke mata sifirin don ta kwanta ƙasa ta yi kyau a idon abokanka. Ka bar ta ba baƙin mai har injin ya buga. Kai kuma Habibullahi, da kake bakanike, ka san injin 504 yana zama daidai a cikin 505, sai ka ga ai an huta da sayen wani. Kuka cire zuciyar tsohuwar kuka dasa wa sabuwar, kuka ɗora gangar jikinta a kan duwatsu a bayan gida. Ba wanda ya gaya min. Kun manta makaho yana da kunne. Ina zaune a zaure na ji an tayar da mota, na ji muryar da na sani shekara da shekaru tana fitowa daga wani jiki. Da na yi magana, kuka ce ai tsohuwar ta gama zamaninta, wa zai hau akwala a yau.

Damina biyu da suka wuce Huraira ta je Tabanni ganin Juwairiyya, ta yanke jiki ta faɗi bayan azahar. Masu babur sun ƙi ɗaukarta, ba ta iya zama, su ma suna tsoron hanya. Kuka tafi ku biyu a 505, kuka isa da kyar, kuka ɗauko ta tare da Rhoda, ungozomar asibitin ƙauyen. A dawowa aka yi ruwa. A gangaren rafin nan da na tsallaka da 504 sau ba adadi, motar ta zauna da cikinta a taɓo, tayoyi suna juyawa a banza. Rhoda ce ta riƙe kan uwarku a cinyarta har rai ya fita, ku kuna waje kuna tura mota kuna zagin juna.

Na san ajali ba ya jiran inji. Na yarda da ƙaddara, Malam Modibbo shaidana ne. Amma ina jin ɗacin abin nan har yau, kuma ba zan yi muku ƙaryar cewa ya wuce ba. Motar ba ta da laifi, ba haka masu ƙera ta suka fito da ita ba. Ku kuka gurgunta ɗaya, kuka kashe ɗaya, don kawai a ce 'ya'yan Nababa sun waye.

Na uku. Tun ranar ba ku gaisa ba. Habibullahi yana cewa wanda ya yanke sifirin shi ya kashe Inna, Abdulfattah yana cewa wanda ya cire inji ne. Na gaji da jin wannan ta bakin mutane. Hannu huɗu ne suka ɗaga injin nan, na ji nishinku ku biyu. Kowa ya ɗauki rabonsa ya nemi gafarar Allah, ya daina jibga wa ɗan'uwansa.

Na huɗu, kuma shi ne wasiyyata ta gaskiya. Shari'a ta ba ni ikon kashi ɗaya cikin uku na abin da na bari, kuma 504 da injinta ba su kai haka ba. Na cire ta daga gado. Na bayar da ita sadaka ga matan Tabanni da marasa lafiyarsu, Musulmi da Kirista, ba a tambayar kowa. Makulli ya zauna a hannun Rhoda, ita za ta zaɓi direban da ta amince da shi. Ba a kai amarya da ita, ba a ɗaukar kayan kasuwa, ba a ba ɗan siyasa aro. Injin da ke cikin 505 nata ne, a mayar mata. Ku biyu za ku yi aikin, ban yarda a kira wani bakanike ba. Habibullahi ya ɗaura, Abdulfattah ya riƙe masa, ya kuma sayi tayoyi manya da batir daga aljihunsa.

Na biyar. 505 tana cikin gado. Ku raba ta yadda kuka ga dama: bodi ne mai sheƙi, da kujeru masu laushi, babu inji. Abin da kuka fi so kenan tun farko.

Na shida. Juwairiyya, ke ba ki yi min komai ba sai alheri. Ɗankunnen uwarki da tabarmar sallarta suna cikin akwatina, yayyenki su bar miki su a rabonki. In Allah ya ba ki mace, kin san sunan da nake so.

Likita bai ɓoye min ba, kuma jikina ma ya gaya min. Ina fata in ji ƙarar 504 ta tashi a bayan gidan nan kafin in tafi. In kuwa na riga ku, ku binne ni da wuri yadda addini ya ce, ku dawo daga maƙabarta ku tuɓe manyan riguna. Ban yarda ku shimfiɗa tabarma kuna karɓar gaisuwa injin yana inda yake ba. Duk mai zuwa ta'aziyya a nuna masa bayan gida, ya same ku a ƙarƙashin mota. Ni na riga na tafi, zamanku ba zai ƙare ni da komai ba, ƙanwarku kuwa tana da rai.

Allah ya yi muku albarka, ya shirya ku, ya sauki Juwairiyya lafiya, ya kawo ƙarshen abin da ke cikin dajin nan. Ku riƙe juna, ku riƙe ta. Na yafe muku duk abin da kuka yi min ni kaina. Na uwarku kuwa, ranar da motar nan ta isa Tabanni da ƙafarta, ku ɗauka na yafe shi ma.

Mahaifinku,
Nababa Direba